KAFIN A YABI GWANI, A TAMBAYI ZAMANINSA

Daga Wakilinmu a Ɗambatta

Wata ranar Lahadi, wadda ita ce ranar cin kasuwar Ɗambatta, bayan an yi sallar La'asar fatake sun fara ɗaure kaya, na zauna a rumfar wani mai shayi a bakin hanyar da ta nufi Kazaure. Na tarar ana gardama tsakanin wani dattijo, tsohon malamin makaranta, da waɗansu samari masu karatu a Kwalejin Koyon Aikin Gona ta Audu Bako. Gardamar kuwa a kan masu tsaron gida ce a wasan ƙwallon ƙafa. Dattijo ya dage a kan cewa ƙasar nan ba ta taɓa yin mai tsaron gida kamar Emmanuel Okala na Enugu Rangers ba. Samari suka ce Vincent Enyeama ya fi shi, suka kawo hujja cewa a shekarar 2013, yana tsaron gidan ƙungiyar Lille ta Faransa, ya yi minti 1,062 a jere ba a jefa masa ƙwallo a raga ba. Dattijo ya ce ai wasan da da na yanzu ba ɗaya ba ne. Samari suka ce lissafi ba ya ƙarya. Har aka kira Magariba ba a raba gardamar ba.

Da na koma masauki na yi ta tunani, sai na ga kowannensu yana da rabin gaskiya a hannunsa. Lissafi ba ya ƙarya, amma kuma lamba guda ɗaya tsirara ba ta isa hujja. A gasar cin kofin duniya ta 1954 an ci ƙwallo 140 a wasa 26, watau fiye da biyar a kowane wasa. A ta 1990 kuwa ƙwallo 115 aka ci a wasa 52, watau biyu da 'yar ɗoriya. Mai tsaron gidan da aka riƙa jefa wa ƙwallo biyu a kowane wasa a 1954 ya fi yawancin tsaransa, alhali wanda aka yi wa haka a 1990 da tuni an zaunar da shi a benci.

Wannan matsala ba ta 'yan ƙwallo kaɗai ba ce. Ita ce ke gaban kowane shugaban ofis ranar da zai cika takardar auna ƙwazon ma'aikacinsa, ita ce kuma ke gaban mai duba makarantu da malamin gona. Mutanen da suka fi kowa daɗewa suna fama da ita, har suka samo mata hanya, su ne masu lissafin wani wasa na Amurka da ake kira besbol. Saboda haka bari mu leƙa wurinsu, sa'an nan mu dawo gida.

YADDA WASAN YAKE

Besbol ba baƙo ba ne ƙwarai a ƙasar nan, domin an buga shi a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja cikin 2003, sai dai bai shiga ƙauyukanmu ba. Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowacce da mutum tara. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili, ya wurga wata ƙwallo mai tauri, wadda ba ta wuce girman lemon zaƙi ba, zuwa ga abokin hamayya da ke tsaye riƙe da kulki. Tsakaninsu ƙafa 60 ne da inci 6, watau mita 18 da ɗoriya. A filin akwai matsayai huɗu, wanda duk ya kewaye su ya dawo inda ya tashi ya ci wa ƙungiyarsa maki guda.

In mai kulki ya doki ƙwallo ta faɗi inda ba a cafe ta ba, ya sheƙa ya kai matsaya ta farko kafin a jefo ta can, to ya yi abin da za mu kira bugun tsira. In kuwa ya kai duka ya kuskure, ko ya ƙyale jifa mai kyau ya wuce, har sau uku, ko aka cafe ƙwallon a sama, ko ta riga shi isa matsaya, to ya mutu, kamar yadda yara kan faɗa a dandali. Da zarar mutum uku sun mutu, zango ɗaya ya cika ga mai jifa, sai ƙungiyoyin su yi musanya. Zango tara ne wasa guda. Haka kuma in mai jifa ya yi jifa huɗu a karkace, mai kulki bai kai musu duka ba, sai a ba shi matsaya ta farko kyauta.

Tun tsakiyar ƙarni na 19 wani ɗan jarida haifaffen Ingila mai suna Henry Chadwick ya tsiro da al'adar rubuta duk abin da kowane ɗan wasa ya yi a kowane wasa a jaridun Niyok. Manyan rukunan wasan guda biyu, na Nashinal da aka kafa a 1876 da na Amerikan wanda ya zama babban rukuni a 1901, sun riƙe wannan al'ada ba fashi. Saboda haka a yau ɗalibi yana iya sanin bugun tsira nawa aka yi wa wani mai jifa shekara ɗari da suka wuce. Hanyar awon kuwa mai sauƙi ce. A ɗauki yawan bugun tsira da aka yi masa, a ninka sau tara, a raba da yawan zangon da ya yi jifa. Abin da ya fito shi ne bugun da akan yi masa a cikakken wasa guda. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon wuyar da jifansa ke ba masu kulki.

MUTUMIN TEKSAS

A wannan awo babu wanda ya kai Nolan Ryan a cikin waɗanda suka yi zango dubu ko fiye. An haife shi a jihar Teksas cikin 1947, ya fara wasa a babban rukuni a 1966, bai ajiye ba sai 1993 yana da shekara 46. Ya yi wa ƙungiyoyi huɗu jifa, watau New York Mets da California Angels da Houston Astros da Texas Rangers. A tsawon wannan lokaci ya yi zango 5,386, aka yi masa bugun tsira 3,923. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya gwada da kansa: 3,923 sau tara ya ba da 35,307, in aka raba da 5,386 sai a sami 6.56, watau shida da rabi da 'yar ɗoriya. Sau bakwai yana gama wasa cur ba wanda ya yi masa bugun tsira ko ɗaya, na ƙarshe a 1991 yana da shekara 44. Mutum 5,714 ya kashe da jifa uku, babu wanda ya kusance shi a wannan.

To, sai mu ɗauko wani mai jifa na zamanin da ya gabace shi, Lefty Grove, wanda ya yi wasa daga 1925 zuwa 1941 a Philadelphia da Boston. Shi zango 3,940 ya yi da ɗoriya, aka yi masa bugun tsira 3,849, abin da ya ba da 8.79. Wanda ya dubi lambobin nan biyu kawai zai ce Grove bai kai ya riƙe wa Ryan takalmi ba. Amma masana wasan da yawa suna sa Grove a gaban Ryan. Ya ci wasa 300, an cinye shi 141 kacal, sau tara kuma yana zama wanda aka fi kasa cin maki a hannunsa a duk rukuninsa. Ina dalilin wannan saɓani?

MUDUN KOWACE SHEKARA

Dalili na farko shi ne, mudun da aka auna su da shi ba ɗaya ba ne. Masu lissafi sukan tara dukan bugun tsira da aka yi wa dukan masu jifa na rukuni a shekara guda, su yi masa irin wancan lissafi, sai su sami matsakaicin rukuni. Wannan matsakaici kuwa yana hawa yana sauka kamar farashin hatsi.

Kafin 1920 akan yi ta wasa da ƙwallo guda har ta yi baƙi ta yi laushi, masu jifa kuma suna shafa mata miyau ko su kankare ta don ta riƙa karkacewa. Bugun tsira ya yi wuya. A 1920 aka hana shafe-shafen nan, sa'an nan bayan da ƙwallo ta sami wani ɗan wasa mai suna Ray Chapman a ka ya rasu cikin watan Agusta na shekarar, aka riƙa canja ƙwallo da zarar ta yi dauɗa. Nan da nan kasuwar masu kulki ta buɗe. A 1930, a rukunin Nashinal, cikin kowane zuwa dubu da masu kulki suka yi, 303 sun zama bugun tsira. A irin wannan zamani Grove ya yi jifa, lokacin da matsakaicin mai jifa a rukuninsa akan yi masa bugu wajen goma a wasa. Ashe 8.79 ɗinsa ƙasa take da ta jama'a da fiye da bugu guda.

Daga baya abin ya juya. A 1963 aka faɗaɗa gurbin da jifa zai bi a ce ya yi kyau, masu jifa suka sami sarari. Da aka kai 1968, a rukunin Amerikan 230 kawai ke zama bugun tsira cikin dubu. Wanda ya fi kowa bugu a rukunin a shekarar nan, Carl Yastrzemski na Boston, 301 ya samu, watau zakaran 1968 bai kai matsakaicin mutumin rukunin Nashinal na 1930 ba. Da shugabannin wasan suka ga 'yan kallo sun fara gundura, sai a 1969 suka rage tsawon tudun jifa daga inci 15 zuwa 10, suka kuma matse gurbin jifa. A 1973 rukunin Amerikan ya ƙara da wata doka, cewa mai jifa, wanda galibi ba ya iya bugu, ba sai ya riƙe kulki ba, a sa wani gwanin bugu a madadinsa.

A shekarun da Ryan ya yi wasa, matsakaicin ya fi zama tsakanin takwas da tara, ya fi kuma karkata wajen tara. Ke nan Ryan yana ƙasa da jama'ar zamaninsa da bugu biyu da ɗoriya a kowane wasa, watau inda akan yi wa matsakaicin mai jifa bugu huɗu, shi uku akan yi masa. Ko bayan an gyara mudu, Ryan yana gaban Grove a wannan awo. Sai dai ratar da ta fara bayyana kamar rami ta ragu ƙwarai, Grove kuma ya tashi daga layin 'yan tsaka-tsaki ya koma cikin gwanaye.

MUTUM UKU, LAMBA ƊAYA

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na mutum uku da suka sami kusan lamba ɗaya a shekaru daban-daban, dukansu a rukunin Amerikan. A 1968 Luis Tiant, mutumin Kyuba mai yi wa Cleveland jifa, an yi masa bugu 152 a zango 258 da ɗoriya, watau 5.30. A 1972 Ryan an yi masa 166 a zango 284, watau 5.26. A shekarar 2000 kuma Pedro Martinez na Boston, mutumin Jamhuriyar Dominika, an yi masa 128 a zango 217, watau 5.31. A ido, Ryan ne na ɗaya, Tiant na biyu, Martinez na ƙarshe, tsakaninsu kuma ba wata rata.

Amma matsakaicin rukunin a 1968 kimanin 7.6 ne, a 1972 kimanin takwas, a 2000 kuwa kimanin 9.7, domin lokacin masu kulki sun yi ƙarfi fiye da kima. In aka raba lambar kowane mutum da matsakaicin shekararsa, sai a ga an yi wa Tiant wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da aka yi wa jama'a, Ryan wajen kashi 66, Martinez kuwa wajen kashi 55 kacal. Wanda ya zo na ƙarshe a lissafin farko shi ne na ɗaya a na biyu, kuma da rata mai faɗi. Masu lissafin wasan, musamman tun daga lokacin da Bill James ya fara fitar da littattafansa na shekara-shekara a 1977, sun mai da wannan rabo ƙa'ida. Ba sa karɓar lambar ɗan wasa sai tare da ta rukuninsa.

ABIN DA AWO ƊAYA BA YA NUNAWA

Dalili na biyu da ya sa ba a ba Ryan kambu duka ba shi ne, hana bugun tsira ba shi ne dukan aikin mai jifa ba. Aikinsa shi ne hana maki. Ryan yana da ƙarfin jifa, amma hannunsa ba ya saiti kullum. Mutum 2,795 ya ba matsaya ta farko kyauta, babu wanda ya kai shi wannan ɓarna a tarihin wasan. Mu gwada shi da Greg Maddux, wanda ya yi wasa daga 1986 zuwa 2008. Maddux ya yi zango 5,008 da ɗoriya, aka yi masa bugu 4,726, watau 8.49, kusan biyu sama da Ryan. Amma mutum 999 kaɗai ya ba kyauta. In aka haɗa bugu da kyauta, mutum goma sha ɗaya da ɗoriya ke samun matsaya a hannun Ryan a kowane wasa, a hannun Maddux kuwa goma da ɗoriya. Ryan ya ci wasa 324 an cinye shi 292, Maddux ya ci 355. Sau huɗu a jere, daga 1992 zuwa 1995, aka ba Maddux lambar gwarzon mai jifa ta Cy Young, wadda Ryan bai taɓa samu ba. Kamar manomi ne da ya tsare gonarsa daga tsuntsaye tsaf, amma ya bar rumbunsa da ɓula.

Sa'an nan akwai maganar fili. Sandy Koufax na Los Angeles, wanda lambarsa ta duk rayuwar wasa 6.79 ce, ya yi shekarun ɗaukakarsa a wani fili da aka buɗe a 1962 mai taimakon masu jifa. Akasin haka, filin birnin Denver yana bisa tudu wajen mita 1,600 sama da teku, iskarsa ba kauri, ƙwallo tana tafiya nesa, mai jifa duk gwanintarsa sai lambarsa ta kumbura. Saboda haka bayan an gyara mudun shekara, akan kuma gyara na fili.

Akwai kuma abokan aiki. A 2001 wani mai bincike, Voros McCracken, ya buga wani nazari da ya girgiza masu lissafi. Ya nuna cewa da zarar kulki ya taɓa ƙwallo ta shiga cikin fili, wajen uku cikin goma kan zama bugun tsira, kusan ko wane ne ya jefa ta, kuma abin da ke hawa da sauka a nan ya fi dogara ga ƙwazon masu cafewa da kuma sa'a. Abin da ke hannun mai jifa sosai shi ne waɗanda ya kashe da jifa uku, da waɗanda ya ba kyauta, da bugun da ya fice daga fili gaba ɗaya. Wannan ya bayyana asirin Ryan, domin wanda bai taɓa ƙwallo ba ba shi da hanyar tsira. Ya kuma nuna cewa mai jifa nagari yana iya yin mummunar lamba saboda raunin mutum takwas da ke tare da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na ƙarshe shi ne tsawon lokacin awo. A watan Yuni na 1938 Johnny Vander Meer na Cincinnati ya yi wasa biyu a jere ba a yi masa bugun tsira ko ɗaya ba, abin da babu wanda ya sake yi a manyan rukunan. Amma da ya gama rayuwar wasansa, wasa 119 ya ci, aka cinye shi 121. Da an auna shi da makon nan guda, da an ce ba a taɓa yin kamarsa ba.

MU DAWO GIDA

Manomin ƙasar Ɗambatta bai san besbol ba, amma ya san wannan hikima. A al'adar da, wanda ya noma dami dubu shi akan yi wa bikin sarautar noma. Duk da haka dattawa sun sani dami ɗari a shekarar fari ya fi dubu a shekarar albarka nuna jarumtaka. Waɗanda suka ga farin 1973, lokacin da ruwan da ya sauka a ƙasar Kano bai wuce wajen rabin abin da aka saba ba, ko suka ga kuturtar gyaɗa ta 1975 wadda ta karya noman da ya tara dalar gyaɗa, ba za su zargi wani manomi guda da lalaci a waɗannan shekaru ba. Mu ɗauka, a misali, wani ya sami dami 40 a shekarar da maƙwabtansa masu irin gonarsa suka sami 20, wani kuma ya sami 70 a shekarar da maƙwabta suka sami 90. Na farko ya ninka jama'a, na biyu ya kasa su, ko da yake rumbunsa ya fi cika. Haka kuma ba a haɗa mai noman rani a gefen madatsar ruwa ta Tomas da mai gonar jigawa da ke jiran sama. Ko shari'a ta bambanta su a zakka, ta ɗora ɗaya bisa goma a kan abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin a kan wanda aka sha wahalar ban ruwa.

Abin mamaki shi ne, wannan abu da manomi ya sani yakan ɓace mana da zarar mun shiga ofis. Tun bayan rahoton Kwamitin Udoji na 1974 aka ƙarfafa auna ƙwazon ma'aikaci kowace shekara, kuma ƙarin girma da canjin wurin aiki suna rataye da wannan awo. To, da wane mudu ake aunawa? A ce makaranta guda a ƙauye, mai aji cike da yara da ƙarancin littattafai, kashi 40 cikin ɗari na ɗalibanta sun ci jarrabawa, alhali makarantu irinta a yankin kashi 25 suka samu. Wata kuma a cikin birni ta sami kashi 60, alhali tsaranta sun sami 75. In aka jera lambobin tsirara, shugaban ta birni za a yaba, na ƙauye a aika masa da takardar tuhuma. Ƙarshen abin, malamin kirki ya karaya, kowa kuma ya riƙa neman a kai shi inda lamba ke da sauƙin samu, wuraren da suka fi bukatar gwanaye su zauna babu su. Waɗanda suka koyar bayan an buɗe shirin ilmin firamare kyauta na 1976, sa'ad da yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka shirya, sun ɗanɗana irin wannan hukunci.

Haka abin yake ga malamin gona na hukumar KNARDA da aka auna da yawan buhunan yankinsa ba a dubi ruwan shekarar ba, da ma'aikacin asibiti da aka auna da yawan waɗanda suka rasu a hannunsa ba a dubi cewa shi ake kai wa marasa lafiyar da suka fi jigata ba. Har a albashi ma. Mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa Naira 125 ne a 1981, ya zama Naira 70,000 a 2024, amma ba wanda zai san wane ne ya fi jin daɗi sai ya tambayi tiya nawa ta gero kowanne ke saye a kasuwar shekararsa.

Sai dai a yi hattara, kada matsakaici ya zama mafakar malalata. Manomin da ya ninka maƙwabtansa a shekarar fari gwani ne, amma dami 40 ɗinsa ba lalle ya kai iyalinsa wata damina ba. Tambayoyi biyu ne daban: wane ne ya yi ƙoƙari, da kuma ko abin da aka samu ya wadatar. Ta farko a kan ma'aikaci take, ta biyu a kan masu tsara aiki. Shugabannin besbol da suka ga matsakaici ya faɗi a 1968 ba su kori masu kulki ba, tudun jifa suka rage. In dukan makarantun yanki suka faɗi tare, ba shugabanninsu ɗaya-ɗaya za a fara tuhuma ba, sai a dubi littattafai da yawan malamai da halin azuzuwa.

Duk wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da ajiye lissafi. Abin da ya ba Amurkawa damar gwada Grove da Ryan shi ne wani ya zauna ya rubuta kowane wasa, wani kuma ya adana takardar. Muna kira ga ƙananan hukumomi da ma'aikatun ilmi da na gona su riƙa tattara yawan ruwan sama da amfanin gona da sakamakon jarrabawa na kowace gunduma, shekara bayan shekara, su kuma buga su inda jama'a za su gani. Shugaban da zai cika takardar ma'aikacinsa ya rubuta lambar ma'aikacin, ya rubuta ta tsaransa a gefenta, ya kuma dubi shekara uku ko biyar maimakon guda.

Ɗalibai kuma, musamman samarin nan na rumfar mai shayi, ga aiki ya same ku. Ku nemo ƙwallon da aka jefa wa Okala a kowane wasa da matsakaicin gasar ƙasar nan a shekarunsa, ku nemo na Enyeama da matsakaicin gasar Faransa a nasa, ku raba kowanne da nasa, ku kuma tambayi su wane ne ke tsaye gabansu a baya. Sa'an nan ku koma wurin Malam da takardarku, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah Ya ba mu ikon yin adalci a awo.